Mutumin da Ya Hana Surukinsa Shiga Gida

Mijin yayata ba ya shiga gidansa kamar sauran mutane. Shekararsa shida yana aiki a wata gonar kaji a ƙasar da neman abinci ya kai mu, kuma ban taɓa ganin takalmin aikinsa ya ƙetare bakin ƙofa ba. A baranda yake tuɓe shi, ya cusa kayan aikin a leda ya ɗaure, ya zarce banɗaki. Ko 'yarsa ta rugo da gudu tana ihun "Abba!" sai ya ɗaga hannu ya ce, "Sai na wanke." Ni na laƙaba masa Sai-Na-Wanke, sunan ya bi shi har wurin abokan aikinsa.

Na sha yi masa tsiya. Na ce, "Wai kai kaji kake kiwo ko tiyata kake yi?" Sai ya yi dariya ya ce, "Ke dai ba ki ga murar tsuntsaye ta shiga gona ba. Ranar da na gani, kwana biyu ban ci abinci ba." Amma kowa ya san don wa yake wannan wahala. Shekara tara suka yi shi da Yaya kafin su sami yarinyar, shi ya sa muke ce mata Kyauta, ga ta kuma da ciwon asma. Mura ta yau da kullum ma kwantar da ita take yi.

Bara mahaifinmu ya zo mana ziyara. Baba ba ya iya zaman ɗaki, kullum da hantsi sai ya zaga bakin tafkin da ke bayan unguwarmu. Wata Asabar muka ji sallamarsa a matakala, murya cike da murna. Sai-Na-Wanke ya leƙa, ni ina bayansa. Ga Baba rungume da wata ƙatuwar agwagwar ruwa cikin rigar sanyinsa, wuyanta a murɗe, ido a kumbure.

"Tsuntsu daga sama gasasshe!" in ji Baba. "Miƙo wuƙa, maza, kafin ta zama mushe."

Haka ya saba tun muna yara: kaza ta fara layi, a yanka ta kafin a yi asara. Kyauta ta ji muryar kakanta ta taho a guje. Wallahi ban taɓa ganin mijin yayata ya yi sauri irin na ranar ba. Ya tura yarinyar ciki, ya fita, ya ja ƙofar ya tsaya a gabanta.

"Baba, ku yi haƙuri. Ba za ku shiga ba."

Mutumin da ko ido ba ya haɗawa da Baba, wanda sai ya durƙusa yake gaishe shi! Ta taga nake kallo, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Baba ya ce, "Ni kake tarewa a ƙofar gidan 'yata?" Ya ce, "Ku ne, Baba. Tsuntsuwar nan ba ta da lafiya, Kyauta kuma ba ta da ƙirjin ɗauka."

Ya sa na miƙo masa kwali, leda, takunkumi da safar hannu, da bokitin ruwa da sabulu. Baba ya ajiye agwagwar yana huci, ya tuɓe rigar, ya wanke hannu har gwiwa da fuska, maƙwabta na wucewa suna kallo. Aka kira ma'aikatan lafiyar dabbobi suka tafi da ita. Da sakamakon gwaji ya fito, murar tsuntsayen ce. Likita ya ba Baba magani, ya ce ya keɓe kansa kwana goma ana auna zafin jikinsa.

Ɗakina na ba shi, na koma falo. Kwana goman nan Baba bai ce wa surukinsa uffan ba. Shi kuwa kowace safiya sai ya durƙusa a bayan rufaffiyar ƙofar ya gaishe shi, ba amsa, gobe ya sake. Yaya ta yi kuka, ni ma na ji haushin mijin nata, don ina ganin da ya lallaɓa. Ya ce, "Fushin Baba zan iya ɗauka. Rashin Kyauta ne ba zan iya ba."

Ran na sha ɗaya Baba ya fito lafiya lau. Kyauta ta yi kansa da gudu. Sai ya ɗaga mata hannu, ya wuce banɗaki, muna jin ƙarar famfo. Da ya fito ya ɗauke ta, ya daɗe yana sauraron numfashinta a kafaɗarsa. Sannan ya dubi surukinsa, wanda ke durƙushe a gefe, ya ce, "Tashi. Da ka buɗe min ƙofar nan, da yau ban san da wane ido zan dubi uwarta ba."