Zan Dawo, Ranki Ya Daɗe

Duk unguwarmu a Lecce babu wanda bai san yayana Oronzo ba, don shekara talatin da ɗaya ya yi yana raba wasiƙu a kan keke. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne irin takaicin da bawan Allahn nan ya ƙunsa mini, ni Dora ƙanwarsa, da nake dafa masa abinci tun rasuwar matarsa.

Yana da shekara arba'in da tara ya shiga jami'a. Allah bai ba su haihuwa ba, gida ya yi masa faɗi, sai ya ce shi adabin Latin zai karanta. Latin fa! Harshen da ko limamin cocinmu ya daina wahalar da kansa a kai. Na ce to, ya dai fi zaman gidan giya.

Tsakani da Allah ya yi ƙoƙari. Cikin shekara biyar ya ci jarrabawa goma sha tara, ya rubuta kundin digirinsa ya ajiye a aljihun tebur. Saura guda ɗaya tak, ta rassan adabin: waƙoƙin yaƙi da jarumta, na bege, na zambo, wasan kwaikwayo, da jawaban da ake yi gaban alƙalai. Ina yanka albasa yana bi na da baitoci, yana buga ƙafa a ƙasa don kada karin waƙar ya ƙwace masa. Har ni da ban nema ba sai da na san cewa a waƙar bege layi ɗaya dogo ne, na biye da shi gajere.

Jarrabawar jami'a a ƙasarmu ta baki ce. Ka zauna gaban malama, 'yan aji suna bayanka suna ji, ta gama tambayoyinta ta faɗi makinka cikin talatin. In ya yi maka ka sa hannu. In bai yi ba ka ce ba ka karɓa, ba za a rubuta komai ba, ka dawo wani zama. Yara kan yi haka sau ɗaya, su ji abin da suka ji, su shiga taitayinsu. Ban da Oronzo.

Malamar darasin, Farfesa Quarta, ta ba shi ashirin da shida, ya ce zai dawo. Ta ba shi ashirin da bakwai, ya ce zai dawo. Ranar da ya ƙi ashirin da takwas kuwa na ajiye ludayi.

"Yaya, ashirin da takwas fa! Ɗan maƙwabta sha tara ya samu, uwarsa har alewa ta raba."

"Dora, ba ki ji tuntuɓen da na yi a waƙar zambo ba."

"Tuntuɓen ya karya maka ƙafa ne?"

Ya ci gaba da cin taliyarsa. Haka muka yi ta yi, kaka da bazara, duk Laraba da Juma'a yana aji, har ya yi ritaya, har 'yan ajinsa na farko suka zama malamai.

Sai ga wasiƙa daga jami'a. Wai duk wanda ya shekara takwas ba a rubuta masa sakamakon ko jarrabawa ɗaya ba, na baya duka sun rushe, kuma a cire sunansa. Zaman Fabrairu shi ne na ƙarshe gare shi. Na sa rigar zuwa coci na bi shi, na zauna cikin yara kamar kazar da ta ɓace hanya.

Farfesa Quarta, wadda kanta ya yi fari a kan mutumin nan, ta ce, "Malam Oronzo, don Allah mu rabu lafiya yau." Ta buɗe masa waƙar bege. Ya karanta, ya fassara, ya yi bayani. Ta rufe littafi.

"Talatin."

Yara suka ɓarke da tafi. Ni har ƙwalla na share. Ta tura masa takarda da alƙalami.

"Ranki ya daɗe, sau biyu na ɓata kari. Kin ji, na ji."

"Na ji. Talatin na ce."

"Zan dawo."

"Babu dawowa, Malam Oronzo. Ka karanta wasiƙar."

Ya ajiye alƙalamin a hankali, ya yi mata godiya, ya fita.

A bakin titi na cim masa, zuciyata na tafasa. Ban damu da masu wucewa ba.

"Kai wane irin mutum ne? Shekara goma sha uku! An ba ka duka, me kake so, ta ciro maka talatin da ɗaya daga jakarta?"

Ya daɗe yana gyara maɓallin kwat ɗinsa.

"Dora, in na sa hannu an gama ke nan. Laraba da Juma'a ina zan je?"

Jikina ya yi sanyi, amma bakina bai yi ba. Na ce, "To yanzu fa? Ai ko ba ka sa hannu ba sun cire sunanka."

Sai ya tsaya cak a tsakiyar hanya, ya juya yana kallon ƙofar da muka fito. Wani mai babur ya danna masa oda, ya zage shi, bai ko motsa ba. Ashe wannan lissafin bai yi shi ba. Na kama hannunsa na tsallakar da shi.