Hoton da ya wanke sunan mamata

'Yan'uwa, salama. Tun da muka binne maigidana, Baban Ladi, ban ce komai a nan ba. Na ga gaisuwarku duka, Ubangiji ya saka. Yau na samu ƙarfin gaya muku abin da mutumin nan ya yi mini a shekarun casa'in, muna Kwoi muna noman citta.

Kafin nan mamata ta yi ciwon mantuwa. Sunayenmu suka ɓace mata, tana hira da waɗanda suka mutu, tana kiransu su zo su ci tuwo. A wajenmu, in tsohuwa ta fara kiran matattu, sai a ce maita ce ke tona kanta. Mama ta mutu ba mai karɓar ko ruwa daga hannunta.

Sai ni ma na fara.

Na zuba gishiri a kunu. Na je kasuwar Kafanchan, na tsaya a tasha ban san motar gida ba. Kai na ciwo, ƙafar hagu na jan ƙasa. A zumuntar mata ta coci na kira wata da sunan yayarta da ta rasu. Daga ranar ni kaɗai nake zama a bencina.

"Ta gada," in ji su.

Dattawa suka ce in fito in faɗi waɗanda na ci. Baban Ladi ya ce, "Matar da ba ta iya yanka kaza, wa za ta ci? Addu'a za mu yi, amma asibiti ma za mu."

Likita a Kafanchan ya ce sai an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa, na'urar kuma sai Ibadan. Maigida ya sayar da irin cittar da muka ajiye don shuka. Shekarar nan gonarmu ciyawa ta yi.

A Ibadan aka kwantar da ni a siririn gado, ya shiga da kaina cikin wani abu kamar bakin randa. Ina cewa Yesu, in abin Mama ne, ka bar mini sunayen 'ya'yana.

Likitan can ya ɗaga hoton a fitila. "Madam, kin taɓa faɗuwa?"

Ni na manta. Maigida ne ya tuna. Watannin baya na faɗo daga kan buhunan citta a bayan a-kori-kura, muka shafa man zafi, muka koma aiki. Ashe jini ne ya taru a hankali yana danne ƙwaƙwalwa.

Aka aske ni, aka huda ƙaramin rami, aka zuƙe shi. Da na farfaɗo na ce, "Baban Ladi, wa ya ba ka izinin sayar da irina?"

Ya fashe da dariya har da hawaye. "Ta dawo, likita. Masifar ma ta dawo."

Na ba likitan labarin Mama. Ya ce alamunta sun yi kama da ciwon da ke sa ƙwaƙwalwa ta riƙa raguwa. Ba ya warkewa, amma hoto yakan taimaka a gane shi da wuri, iyali su san abin da suke jinya.

Na ce, "Maita fa?"

"Na leƙa kawuna da yawa, ban taɓa ganinta ba."

Da muka dawo, lokacin shaida a coci, maigida ya ɗaga hoton sama kowa ya gani. Mata suka matso bencina ɗaya bayan ɗaya.

Na gode wa Allah, da likitocin nan, da mijina.

In naku ya fara mantuwa, ku kai shi asibiti, ku roƙi a duba kan. Ku faɗi ko da ƙaramar faɗuwa ce. In ma ba mai warkewa ba ne, ku zauna ku ci tuwo tare da shi.

Sunan mamata Asabe. Ciwo ta yi.