Murfin da Na Kai Maruda a Makare

Ana idar da sallar asuba muka tashi daga Kalgo, ni da abokin aikina, da murfin ƙarfe ɗaure a bayan mota. Ni injiniyan kare lafiyar ma'aikata ne, aikina in shiga inda injina ke juyi in ce a rufe nan, a gyara can. Amma wannan murfi ya makara da shekara guda.

Fadama ta yi kore shar da shinkafa har Birnin Kebbi. A Ambursa muka tsaya shan koko, ƙosan ya rame kamar shi ma tsadar mai ta taɓa shi. Abokina ya yi ta santi, ni kuwa ko biyu ban iya ci ba. Daga Gwandu muka miƙe Maruda, gidan Kawu Ladan, ƙanin mahaifiyata mai injin casar shinkafa.

Bara na zo na ga bel ɗin injin tsirara. Amma yaya ɗa zai ba kawunsa umarni a gaban ma'aikatansa? Sai na faɗa cikin raha, aka yi dariya, na ci tuwo na tafi. Wata Juma'a, makonni uku ke nan, Kawu ya dawo daga masallaci ya tarar da mata na jiran casa, ya kunna injin bai tuɓe babbar riga ba. Bel ya kama rigar, ya haɗa da hannunsa na dama.

Na same shi a zaure, an sallamo shi daga asibiti. Na miƙa hannu mu gaisa kafin na tuna ya rasa na dama. Ya miƙo na hagu, sai hawaye suka zubo mini.

"Ƙaddara ta, ɗana, bar kuka," in ji shi.

"Kawu, na gani tun bara."

"Ka gani, ka kuma faɗi. Amma da dariya kaf faɗi, munka ɗauka wasa na."

A bayan gida injin na ruri, babban ɗansa na aiki a kansa, bel ɗin yana nan yadda na bar shi. Na je na kashe shi da kaina, ban nemi izinin kowa ba, masu jira suna ta gunaguni. Ba a sake kunnawa ba sai da muka ɗaure murfin tam.

Kafin magariba muna Kalgo. Na koyi cewa a aikina babu kara, ko a gaban na gaba. Karar da na yi wa Kawu bara ita ta ci hannun da ya yanka ragon sunana.