Ƙwayoyin Zaƙin Malam Sabi'u

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na tayar da mashin ke nan da safen nan aka kira ni, wai Malam Sabi'u ya rasu.

Shekara goma sha ɗaya muna koyarwa tare a firamare a Lausu. Ranar da mashin ɗina ya mutu a hanyar Rurum, shi ya zo ya ja ni da igiya har Rano, yana tafe yana min dariya.

Mutumin shayi ne, cokali huɗu yake zuba sukari. Da aka ce yana da ciwon suga, ni na sayo masa 'yan ƙwayoyin nan farare da ake jefawa a shayi maimakon sukari. Ni na nace masa. Ya kurɓa ya yamutsa fuska, ya ce, "Malam Habu, wannan ai zaƙin ƙarya ne." Amma ya riƙe su, har shekara shida.

Bara aka gano ciwon daji a cikinsa.

Sai ga wani ya turo bidiyo a gurup ɗinmu na malamai, wai ƙwayoyin nan ke kawo ciwon daji. Na tambayi likita, ya ce bincike bai tabbatar da haka ba ga mai sha daidai kima. Na tambayi mai kemis, ya ce shi dai ba ya ba iyalinsa. To wanne zan kama? Na san ajali ne, wallahi na sani. Amma kaina ya ɗaure.

Ranar Juma'a na je duba shi. Ya rame, ko shayin ba ya iya sha. Ya laluba ƙarƙashin filo ya ciro 'yar robar ƙwayoyin nan, saura rabi.

"Ungo, kai wa Hajiyarka, ita ma na ji tana da suga. Ka ce ta yi haƙuri da ɗanɗanon."

Yana cikin gurup ɗin nan. Ban sani ba ko bai ga bidiyon ba ne, ko ya gani, yana so ya nuna min bai zarge ni ba. Na kasa tambayarsa.

Robar tana aljihuna har yanzu. Na kasa ba mahaifiyata, na kasa yarwa.

Allah Ya jiƙanka Malam, Ya sa ciwon nan ya zama kaffara. Don Allah duk wanda ya karanta ya sa shi a addu'a. Ni ma ku roƙa min natsuwa.