Ranin da Munka Cinye da Gardama

Shekarun baya masu nisa, tun Turawa na ƙasar nan, mahaifina ya ba ni rani guda kyauta. Ranar da munka gama zuba dawa a rumbu ya kira ni zaure, ya ce baɗi zai yi mini aure ya sakar mini gandu, daga nan kuma babu sauran yawo. Don haka bana ya ɗauke mini jan jigo. Albasarmu ta fadama shi da ƙanensa za su ba ta ruwa. In tafi in ga duniya, in dawo kafin ruwan shuka.

A lokacin ya riga ya fara dafa ƙugu in zai miƙe. Na san abin da jigo yake yi wa bayan mutum, amma na yi kamar ban sani ba, na durƙusa na yi godiya.

Ina da abokai biyu, ɗaya a Rabah, ɗaya a Goronyo. Dukansu dangin uwayensu suna unguwarmu a Wurno, nan munka saba tun muna ƙanana. Na Rabah ɗan gidan malamai ne, mai sanyin magana, amma in ya kafe ko jaki bai kai shi ba. Na Goronyo manomi ne kamar ni, dogo, mai surutu, shi kaɗai ya rage wa mahaifiyarsa a gida. Mun daɗe da alkawarin duk ranar da hali ya samu za mu fita ƙasar nan tare. Na aika musu, sunka zo ranar kasuwa, munka zauna gindin tsamiya kusa da marina.

Na Goronyo bai bari an gama gaisuwa ba. "Gwanja za mu," in ji shi. "Kumasi, daga nan mu gangara Ankara mu ga teku. An ce ruwa ne wanda ba a ganin ƙarshenai."

Na Rabah ya girgiza kai. "Mi za mu yi Gwanja? Gabas za mu. Maraɗi, Damagaram, in da hali har Fallomi ta ƙasar Cadi. Can malamai suke."

"Kai da ka taso cikin malamai, malamai za ka sake tahiya gani?"

Ni kuwa arewa nake so, Tawa da Agadas. Ba ni da wani dalili, illa Buzaye masu raƙuma da ke kawo gishiri kasuwarmu, na ga yadda suke tafiya kamar ba su da gaggawar komai, raina ya biya. Na faɗa, sunka dube ni tare, sunka ci gaba da gardamarsu. Har la'asar ba a tsai da komai ba. Da za a tashi na Goronyo ya ce ɗan malam tsoron nisa yake ji, na Rabah ya ce wasu ba su san bambancin tafiya da watsewa ba. Kowa ya kama hanyar garinsu bai yi wa ɗan'uwansa sallama ba.

Wurno ce a tsakiya, don haka ni na zama manzo. In tashi da safe in nufi Rabah, in kwana, in dawo gida, in huta kwana biyu, in nufi Goronyo. Na Rabah zai ce in gaya wa wancan in an yi Damagaram tukuna ya yarda a duba maganar kudu. Na Goronyo zai ce wane mahaukaci ke zuwa kudu ta gabas. In kwaso wannan in kai, ina ragewa a hanya don kada a sake ɓatawa. Wani zuwan ma sai in iske wanda na je nema ya tafi ƙauye, in zauna jiransa. Aka fita sanyi ina wannan aiki. Takalmin fata biyu na kashe ban bar ƙasar Sakkwato ba.

Mahaifiyata takan miƙo mini fura ta ce, "Wanga yawon duniya naka da ban mamaki shike. Kullum ana tahiya, kullum ga ka gida."

Wannan da sauƙi. Abin da ya fi mini nauyi shi ne hanyar Goronyo ta gefen fadamarmu take bi. Duk wucewa sai na hango mahaifina a bakin rijiya, ya ja, ya juye, ya tsaya ya dafa ƙugu. Ya ɗaga murya ya ce, "Kun tsai da magana?" In ce saura kaɗan, Baba. Sau ɗaya na sauka zan karɓe shi, ya hana. Ya ce abin da ya bayar ya bayar.

Zafi ya fara shigowa sannan wani bafatake a kasuwar Goronyo ya gaya mini cewa Faransa suna gina babbar hanya a ƙasar da suke mulki arewa da mu, ta taso daga yamma ta nufi gabas. Mai zuwa Gwanja yana iya binta yamma ya karkata kudu, mai zuwa Damagaram ya bi ta gabas, mai Agadas ya tsallake ta. Na ji kamar ni na fi kowa wayo a ƙasar Hausa. Na ce wa kowannensu mu dai isa bakin hanyar, can za a yanke. Kowa ya yarda, don kowa yana ganin in an je can shi zai yi rinjaye.

Munka tashi daga Goronyo ta Shinaka munka yi arewa, da buhun garin gero da tabarmi, su biyun ba sa magana da juna sai ta bakina. Ban san lokacin da munka tsallaka iyaka ba. Wani tsoho ne a bakin rijiya ya ce ai tun jiya muna cikin Faransa. Na duba, ga gero irin namu a rumbu, ga mutane suna Hausa irin tamu, ga wani can yana jan jigo yana ba albasa ruwa. Na ce a raina, wata uku na wahala don in zo in ga wannan.

Rana ta huɗu da hantsi munka iso hanyar. Mutane ne jingim, wasu na fasa marmara, wasu na ɗauka a kwanduna. Wani soja mai jar dara ya tare mu ya kora mu wata rumfa, inda Bature ke zaune da tafinta a tsaye gefensa.

Tafinta ya ce, "Ina za ku?"

"Gwanja."

"Damagaram."

Ni ma, da na ga kowa ya faɗi tasa, na ce, "Agadas, ranka shi daɗe."

Tafinta ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. "Tare kuke ko ba tare ba?"

Munka ce tare muke. Ya juya ya yi wa Bature bayani, Bature ya yi dariya ya ce wani abu. Aka raba mu, aka tambayi kowa shi kaɗai. Da akwai mai hankali a cikinmu da ya sauya baki, amma kowa ya maimaita tasa, har na Rabah yana ƙarawa da rantsuwa. Tafinta ya ce abokan tafiya uku da hanya uku bai taɓa gani ba, kuma ba mu da takardar wucewa. Ko dai masu fasa-ƙwauri ne mu, ko mutanen ƙasar ne da sunka gudu daga aiki. Za a bincika. Kafin nan ga kwanduna.

Kwana goma sha uku munka yi muna ɗaukar marmara. Ba zan ce an doke mu ba, ba a doke mu ba. Gajiya ce kawai irin wadda ban taɓa sani ba, ni da na taso da fartanya a hannu. Daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, kwando a ka, ka juye, ka koma. Gashin tsakiyar kaina ya cinye. Gardama ta mutu da kanta, don ba mai ƙarfin buɗe baki.

Na Rabah ya fi mu shan wuya. Hannunsa na alƙalami ne, kwana biyu ya yi bororo, ya fashe. Wajen kwana na takwas, da aka ba mu hutun azahar a gindin wata bagaruwa, na Goronyo ya jawo hannun, ya yage bakin rigarsa ya ɗaure masa. Na Rabah ya sunkuyar da kai ya ce:

"Baba ne ya hana ni Gwanja. Ya ce samari can suke zubar da salla. Ya ce gabas ko in zauna gida. Kunya ta hana ni hwaɗa muku, kada ku ce har yanzu ana riƙe da ni."

Na Goronyo ya gama ɗaurin, ya zauna. Ya ce shi ma teku ba ta dame shi ba. Yayansa ne. Mun san yayan ya tafi Kumasi shekara shida, amma a gidansu kullum cewa ake yana can yana kasuwanci lafiya. Ashe tun shekara ta biyu ba saƙo, ba labari. "Inna ba ta barci," in ji shi. "Ita ta ce in tahi in gano mata ko shina da rai. Ta ce kada in bari a ji a gari."

Na Rabah ya ɗago. "Don mi ba ka hwaɗa ba?"

"Kai don mi ba ka hwaɗa ba?"

Soja ya busa usur, munka ɗauki kwandunanmu. Ni da na yi wata uku ina kai maganar wannan wurin wancan, ko sau ɗaya ban tambayi ɗayansu dalili ba.

Ba a yi wani bincike ba. Yankin hanyar da ake yi ne ya ƙare, aka sallami kowa har da mu. Tafinta ya gan mu muna naɗe tabarmi, ya ce cikin zolaya, "Tau, yanzu ina?"

Na Rabah ne ya fara magana. "Gwanja," in ji shi. Ya ce in ya dawo ya san yadda zai yi da babansa.

Na Goronyo kuwa sama yake kallo. Shamuwa ce guda biyu sunka wuce ta kanmu, gabas kuma ta fara yin duhu-duhu. Kowa ya san ma'anar wannan. Gonar mahaifiyarsa ba mai shuka ta sai shi. Ya ɗora tabarmarsa a kafaɗa ya ce, "Gida."

Munka juyo mu duka uku. A gida na iske an cire albasa an gama, mahaifina kwance a zaure, an ɗaure masa baya da zane. Bai tambaye ni komai ba, ni ma ban iya ba shi labari ba. Bayan kwana shida ruwan shuka ya sauka.

Da wani ranin ya zagayo ina da mata da gandu, na Rabah an ba shi makarantar gidansu. Na Goronyo ya tafi shi kaɗai. A zangon Hausawa na Kumasi aka gaya masa yayansa yana nan har bara, yana dako a kasuwa, kunyar komawa gida hannu wofi ta riƙe shi. Da daminar da ta wuce yayan ya bi wasu zuwa gonakin koko, ba wanda ya san ko ina. Wato duk watannin da nake sintiri tsakanin Rabah da Goronyo mutumin yana zaune a wuri guda. Ba a sake jin labarinsa ba.

Ban taɓa zuwa Agadas ba, kuma wannan bai dame ni ba. Abin da na kasa saukewa shi ne mu uku mun san juna tun muna ƙanana, amma munka ɓata rani guda muna jifan juna da sunayen garuruwa, kowa ya rufe abin da ke cinsa. Ba fushi nake ji ba in na tuna, ba kuma dariya ba, ko da yake mutane kan yi dariya in na ba da labarin tafinta. Kasala ce take sauko mini, irin ta wanda ya yi doguwar tafiya ya dawo bai sauke kaya ko'ina ba.

Su biyun duk sun riga mu gidan gaskiya. Na Goronyo, a ciwonsa na ƙarshe, na je duba shi, hira ta kai mu can, na ce ashe ban taɓa tambayarsa ba ko ya gangara ya ga tekun. Ya ce ya je. Na ce yaya take?

"Ruwa ne dai mai yawa," in ji shi. "Na tsaya na diba, na waiwaya in ce muku ku diba, ba kowa. Sai na koma tasha."