Angon Inna Ya Tafi Makarantar Sata

A gidanmu na Barking tatsuniya abar lokacin sanyi ce. Dokar Inna ce, kakarmu ta wajen uba, wadda ta ce ba a tatsuniya da rana, wanda ya yi kuwa wata rana sai ya ɓata a kasuwa. To a London, in lokacin zafi ya zo, rana ba ta da niyyar faɗuwa. Mu yi ta roƙon Inna, ita kuma ta leƙa taga ta ce, "Ku dubi marar kunyar nan har yanzu tana tsaye. Ba da ni ba." Amma da sanyi ya shigo, kafin mu dawo daga makaranta mu cire takalma duhu ya rufa. Sai Inna ta yi Magariba, ta jawo dardumarta gaban hitar gas ɗin falo, wadda har ta bar ƙasar murhu take ce mata, ta ɗora gyaɗa a marfin tukunya tana juyawa. Har yau in na ji ƙamshin gyaɗa da warin gas tare, sai kewa ta kama ni.

An kawo ta ne daga ƙauyenmu na wajen Malumfashi a yi mata aikin ido, wajen ƙarshen shekarun tamanin, mu kuma muka riƙe ta. Masu sauraronta mu biyu ne, ni Rabi da yayana Nafi'u, wanda take kira angonta saboda wasan kaka da jika. Baba yana kujerarsa ta gefe ya rufe fuska da jarida, wai shi ba ya ji. Inna takan fara da cewa, "Ga ta nan, ta hau jirgi ta biyo ku." Mu ce, "Ta shigo ta sha ɗumi." Yaya da Hausarsa ta haihuwar London kullum sai ya ce "ta sha dumi", Inna ta ce Allah ya haɗa ta da miji mai karyayyen harshe.

Akwai abin da yake ba mu dariya a gidan nan. Baba shi ne ɗan farin Inna, don haka ba ta kiran sunansa, ba ta ma yi masa magana kai tsaye. Yana zaune kusa da ita za ta ce, "Rabi, gaya wa babanku shayin nan ba sukari." Shi ma Baba haka yake yi wa Yaya, nasa ɗan farin. In zai kira shi, "kai" ne, in zai yi maganarsa, "yayanku". Da ina ƙarama na ɗauka mantawa ya yi da sunan, yana jin nauyin tambaya.

Lokacin zafi kuwa na Yaya ne. Wani Ba'amurke tsohon sojan sama, da muke kira Koci, yakan tara yaran unguwa a filin shaƙatawa ranar Asabar yana koya musu besbol. Wasan dai wani ya jefo ƙwallo, wani ya maka mata kulki, ya ruga ya zagaye wasu tudu huɗu ya dawo inda ya tashi. Yaya bai fi kowa dukan ƙwallo ba, amma a gudu ba mai kamo shi. Ƙwarewarsa ita ce ya faki idon mai jifa ya fyalla daga tudu zuwa na gaba, abin da a wasan ake kira sata. Wata Asabar ya shigo da ciyawa a gwiwa yana haki.

"Inna, Coach ya ce ni ne best a sata! Duk team ɗin ba kamar ni."

Inna ta saki carbinta. "Innalillahi! Sata? A gidan nan? Rabi, kira min babanku." Sai da Mama ta fito daga kicin ta yi bayani tana share hawayen dariya, sannan Inna ta sauko, ko da yake daga ranar duk sanda Yaya ya zauna kusa da ita sai ta ƙara ɗaure bakin zaninta.

Yaya yana aji na huɗu a sakandare Koci ya zo gidanmu da magana. Ya ce akwai makarantar kwana a Florida, da safe karatu, da yamma besbol zalla, kuma masu nema wa manyan ƙungiyoyi 'yan wasa suna zuwa kallo. Ya ce ƙafafun yaron nan sun fi ƙarfin filin Barking. Bai ɓoye mana ba cewa yawancin yaran da ke zuwa ba sa zama komai a wasan. Da ya faɗi kuɗin makarantar, sai da Mama ta ajiye farantin hannunta ta nemi wuri ta zauna. Baba akawu ne a wani ofishin jigilar kaya a Aldwych. Abin da ya mallaka wanda zai iya ɗaukar wannan nauyi fili ne guda a Funtuwa, inda yake burin ya gina gidan da zai koma ya huta, da ɗakin Inna a ciki.

Gidan ya ɗauki zafi har sanyi ya shigo. Mama tana cewa wa ya taɓa jin Bahaushe ya ci abinci da kulki. Yaya yana cewa, "This is my one chance, Mama." Baba sai juya jarida yake yi. Inna kuwa tambaya ɗaya ta yi, ta ce, "Wato a ƙasar can har satar ma makarantar kwana gare ta?" Daga nan ba ta ƙara sa baki ba, sai wani yammaci da ta ɗora gyaɗarta ta ce yau sabuwa ce za ta ba mu.

Ta ce an yi wata mata mai ɗa ɗaya, ɗan fari, wanda Allah ya ba gudu har yana kama zomo da hannu. Jimina ta ji labarinsa, ita kuwa tana da makarantar gudu a hayin kogi. Uwar ta kwance saniyarta tilo ta ba jimina, aka tafi da yaro. Ranar farko jimina ta dube shi ta ce yana da ƙafa, amma ya yi nauyi, ya ajiye gorar furar da ya zo da ita. Ya ajiye. Aka kwana biyu ta ce ya tuɓe rigar saƙin da uwarsa ta kaɗa wa zare. Ya tuɓe. Daga ƙarshe ta ce saura abu ɗaya, ya daina waiwaye. Ya daina, ya zama ko iska sai dai ta bi bayansa. Abu ɗaya jimina ta kasa raba shi da shi, sunansa, don wannan a cikin kunne yake zaune.

"Ana nan ana nan," in ji Inna, "sai gida ya faɗo masa a rai. Ya tsallake kogi ya nufo gari. To mai irin wannan gudu, duk ƙofofi iri ɗaya yake ganinsu. Uwar tana bakin ƙofa da tsintsiya, ta hango shi tafe. Ta san sunansa kaɗai zai tsayar da shi. Ta buɗe baki, kunya ta riƙe mata harshe. Sai ta ce, kai! To wane yaro ne ba kai ba? Ya wuce fuu. Har yau duk kaka yana wucewa, ita dai ganyen dawa take gani yana kaɗawa. Ƙurunƙus, kan tattabarar tashar jirgi. Wanda bai yarda ba ya je ya tambayo jimina."

Ba wanda ya yi dariya. Gyaɗar ta ƙone a marfi. Baba ya ninke jaridarsa ya hau sama, washegari kuma ya ce da Mama a bar maganar makaranta, tunda Inna ba ta so.

Yaya ya ɗauki fushi da amaryarsa. Gaisuwa daga bakin ƙofa, da Magariba ta yi ya shige ɗaki ya rufo. Ni kaɗai na rage gaban murhu, kuma tatsuniya da mai sauraro ɗaya ba ta da armashi. Da Inna ta gaji ta ce, "Wai ina angona? Yaji ya yi?" Ni kuwa bakina ba ya riƙe magana, na zayyane mata komai, Baba yana kujerarsa.

"Ikon Allah," in ji ta. "Rabi, gaya wa babanku duk bokon nan bai koya masa jin tatsuniya ba. Shi yaron me ya yi? Gudu aka ba shi, ya yi gudunsa. Fili kuma, ni da nake jiran ɗan ramin da bai fi tsawona ba, me zan yi da fili?" Ta juya ta dubi wutar. "Ni ma an taɓa ɗaukar min yaro aka kai makarantar kwana, bai kai yayanki ba. Ranar da motar za ta tashi ina bayan zana ina leƙe. Yana ta waige-waige. Ban fito ba. Da ya zo hutu, sai ya gaishe ni irin gaisuwar baƙo, ni kuma na amsa masa haka."

Jaridar Baba ba ta motsa ba, amma na gane shi ne yaron da take nufi.

Aka sayar da fili, Yaya ya tafi. Inna ta sa masa albarka, ta ce in ya saci abin kirki ya tuna da ita. Shekara ta zagayo ta ce sanyin nan ya ishe ta, aka mai da ita gida, can kuma Allah ya karɓi abarsa, Yaya yana Florida bai samu zuwa ba.

Da farko labari mai daɗi muke ji a waya. Daga baya wayar ta fara gajarta. Abin da ba mu lissafa ba shi ne, duk yaron da ke makarantar nan shi ma ba mai kamo shi a garinsu. Yaya ya daure ya gama, yana ta fafutukar wata ƙungiya ta ɗauke shi, sai gwiwarsa ta samu matsala, ita ce kuma jarinsa. Ba wanda ya ɗauke shi. Mu muna nan muna zaton yana can, ashe ya dawo London ya sauka wurin wani abokinsa ɗan Jos a Abbey Wood, kunyar filin Baba ta hana shi ƙarasowa gida. Mahaifiyar abokin ce ta ga abin ya yi yawa ta bugo wa Mama waya.

Ni na raka Baba. Ba mu kai gidan ba ma muka hango shi ya fito daga wani kanti kusa da tasha, da leda a hannu, ya rame, yana ɗan ɗingishi. Ya ɗago ya gan mu a tsallaken titi. Sai ya juya ya ƙara sauri.

"Kai!" in ji Baba. Mutane suka waiwayo, ban da shi. Yana dab da shan kwana.

"Nafi'u!"

Sunan ya fito wani iri, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba. Yaya ya tsaya cak. Ledar ta faɗi, gwangwanin wake ya gangara cikin kwata. Baba ya tsallaka titi ko motoci bai duba ba, ya kama shi a kafaɗa ya ce, "Mu je gida, uwarka ta yi tuwo."

Yanzu Yaya malamin motsa jiki ne a wata sakandare, ranar Asabar kuma yana tara yara a fili kamar yadda Koci ya yi musu. Iyaye sukan ja shi gefe su tambaye shi ko irin makarantun nan sun cancanci kuɗinsu. Yakan ce musu makaranta ba ta ba yaro ƙafa, gwada ta kawai take yi, kuma su sa a ransu tun yanzu cewa yawanci hannu wofi ake dawowa. Yakan ce shi bai yi nadamar zuwa ba, don da bai je ba da har ya tsufa yana zargin iyayensa. Ni kuwa da na ga Baba ya tsufa a Barking yana fama da sanyin da ya tsana, ba gidan komawa, ban iya cewa riba aka ci ba. Ban kuma iya cewa asara ce ba. Da ina yarinya na ɗauka tatsuniyar jan kunnen mai tafiya ce. Sai da na haifi nawa na gane cewa da mu masu tsayawa a bakin ƙofa take, kuma ba ranar tafiya ce mai wuya ba, ranar da yaro zai dawo ba da komai ba ce.

A ranar nan ta Abbey Wood, ta jirgin fito na Woolwich muka tsallako kogi. Yaya ya zauna a ciki ya sunkuyar da kai. Ni da Baba muka tsaya a waje muna kallon ruwa, iska tana kaɗa masa hula. Mun kusa gaɓa ya yi magana, ba tare da ya dube ni ba.

"Kin san, Rabi," ya ce, "ni har ta rasu ban ji yadda sunana yake a bakinta ba."