Sai An Gama Yankan Gero

Mai yiwuwa wasu abubuwa sun shige mini, amma fushin yana nan. Lokotoro, wato likita, ya ce a kai Inna birnin Yamai ranar Talata, a ɗauki hoton da zai nuna ko ciwon daji ya kai ƙashi. Allurar hoton daga waje take zuwa, ƙarfinta na mutuwa cikin kwanaki. Na bayyana wa Kawu, yayanta, wataƙila da sanyin murya.

"Ɗan lakwal, allura ta hi gero gaugawa?" in ji shi, yana mini gorin karatun boko. "Sai an gama yanka."

Muka makara. Kafin wata allurar ta iso, Inna ta daina tsayuwa. Wanda yake zaure a ƙauyenmu Allakaye ran da muka yi maganar nan, in na yi wa Kawu ƙari, ya aiko mini da gyara.